Takardun Lamba Uku

Duk manomin da ya taɓa kai auduga kasuwa tsakanin Malumfashi da Funtuwa a shekarun baya ya san Malam Maiwada, kuma da wuya a samu wanda bai taɓa zaginsa a zuci ba. Malamin auduga ne. Aikinsa ya zura hannu can cikin buhu, ya damƙo, ya baza a tafi, ya yanke hukunci. Fara tas, ba ganye ba ƙasa, ita ce lamba ɗaya. Wadda ta ɗan yi dauɗa, lamba biyu. Wadda ruwa ya doka ta yi ja, ko tsutsa ta ɓata, lamba uku, kuma ko ubanka ne sarkin noma haka za a rubuta maka. Ba ya cin goron kowa, ba ya jin magiya. Manoma na cewa idon mutumin nan ya fi sikelinsa mugunta, shi kuwa in ya ji sai ya gyara zaman hularsa, don a wajensa yabo ne.

Sai auduga ta mutu kowa yana kallo. Gonaki suka koma masara da waken suya, kasuwannin awo suka zama filin ƙwallon yara, ma'aikatar su Maiwada ta rasa inda za ta kai shi, ga shi lokacin ritayarsa da saura. Ana nan sai wani babba ya tuna da wani ɗaki a bayan tsohon ginin gunduma, inda aka jibge takardun shari'un alƙalan da, wasu tun na zamanin En'e. Tsohon da ke kula da ɗakin ya rasu, an ma manta ba a maye gurbinsa ba. Aka kira Maiwada aka danƙa masa makulli. Babu wanda ya tambaye shi ko ya iya aikin, shi ma bai tambaya ko aikin yana da wata iyawa ba. Takarda ce fa. Ajiyewa kawai za a yi, sai kuma me?

Ranar da ya buɗe ɗakin sai da ya yi salati. Kai, ko akurki ya fi shi daraja! Kwanon rufi ya huje yana yoyo duk damina, jemagu sun mayar da shi gidan ubansu, gara ta yi gini tun daga ƙasa har kusa da taga. Takardun kuwa ƙunshi-ƙunshi suke, kowace shari'a an ɗaure ta da zare ita kaɗai, wata falle biyar, wata goma. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kowane ƙunshi da Bisimilla aka buɗe shi, ga shi nan a fallen sama da haruffan Larabci, kashin jemage ya zuba a kai, wasu sun faɗo ƙasa ɓeraye na bi ta kansu. Maiwada mutum ne mai tsoron Allah da tsananin tsafta. Ya tsaya a bakin ƙofa hawaye na neman zubo masa, ya rantse sai ya gyara ɗakin nan ko da shi kaɗai ne.

Ya kuwa gyara, amma irin gyaran da hannunsa ya saba da shi. Ya lura a kowane ƙunshi fallen sama da na ƙasa su suka sha wuya, su ruwa ya jiƙa, su gara ta fara ci, su suka yi baƙi. Na tsakiya kuwa fes, kamar jiya aka rubuta. Wanda ya yi shekara da shekaru yana raba auduga ai ba sai an gaya masa ba: mai kyau ba ta kwana buhu ɗaya da ruɓaɓɓiya, in ba haka ba duka su lalace. Ya sa reza ya riƙa yanke zaren nan ɗaya bayan ɗaya. Masu tsafta, lamba ɗaya, ya jera su cikin sababbin fayil a kan kanta, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Masu ɗan tabo, lamba biyu, ya zuba a kwalaye. Waɗanda suka ruɓe, rubutunsu ya dushe sai an kai ido kusa, su ne lamba uku, ya tara su a buhuna a lungu.

Buhunan nan suka tsaya masa a rai. Ba zai bari su koma hannun masu ƙosai da tsire ba, da sunan Allah a jikinsu. Ya tambayi shugabansa, shugaban bai ko ɗago kai ba ya ce ya yi yadda ya ga ya dace. Ya tambayi limamin unguwarsu yadda ake yi da takarda mai sunan Allah in ta lalace, liman ya ce a ƙona a wuri mai tsarki a binne tokar. Liman bai yi kuskure ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Maiwada ya yi alwala wata safiya, ya haƙa rami a bayan ginin, ya ƙona su kaf, ya mayar da ƙasa ya daddale. Ya koma gida ranar zuciyarsa wasai. Daga baya duk baƙon da ya zo ma'aikatar sai an kai shi ya ga ɗakin Malam Maiwada, a ce a dubi yadda ake aiki.

Haka aka yi shekara biyu, har ranar da Inno ta sauko daga bayan babur a ƙofar ɗakin, ɗanta Mannir na riƙe da hannunta.

Inno ba ita ta haifi Maiwada ba, amma da ba don ita ba da babu shi. Uwarsa ta rasu yana jariri, a wani ƙauye kusa da Dayi. Inno matar Jibo ce, Bafillacen da ya daɗe da ajiye sanda ya kama fartanya a gefen ƙauyen, lokacin tana goyon Mannir. Ta karɓi marayan ta haɗa su a nono. Har ya yi furfura Maiwada bai taɓa zama kan kujera tana kan tabarma ba. Yana ganinta ya taso da sauri ya durƙusa.

"Inno, ke da kanki? Ai da aike kika yi na zo."

"Abin ya fi ƙarfin aike, Maiwada," ta ce. Ta zauna tana haki, ta dubi Mannir. "Gaya wa ɗan'uwanka."

Mannir ya kwashe labari ya gaya masa. Gonar da suke ciki, wadda gidansu ke tsakiyarta, wadda kabarin mahaifinsu Jibo ke gefenta, an ce ba tasu ba ce. Jikokin wani maƙwabcinsu marigayi Rabe sun sayar wa Alhaji Abdussamad, wani dillalin masara na Funtuwa, duk filin kakansu, suka haɗa har da ita. Suka ce aro Rabe ya ba Jibo. Hujjarsu kuwa, kowa ya sani duk kaka gidan Jibo na aika wa gidan Rabe damin dawa, kuma suna da shaidu. Wa ke ba wani dami duk shekara in ba gonarsa yake ci ba? Alhaji ya kai ƙara, kotu ta aiko da sammaci.

"Ƙarya suke yi, Allah ya gani," in ji Inno. "Daji ne. Uban yaran nan shi ya sare shi da hannunsa, ni na riƙa kwashe itacen da goyo a bayana. Rabe ya taɓa tayar da maganar nan kuna ƙanana, aka je gaban alƙali a nan Malumfashi, alƙali ya ba mu gaskiya. Damin nan kunya ce. Da aka dawo sai maigidana ya ce bai kamata maƙwabci ya kwana da haushi ba, ya fara aika masa. Da ya rasu na ce ba ni zan yanke ba. Ashe igiya nake tufka wa wuyana."

"Ba a ba ku takarda ba a lokacin?"

"Wa ke karɓar takarda a lokacin? Alƙali ya faɗa, jama'a sun ji. Jama'ar ce duk ta mutu ta bar ni. Amma na ga magatakarda yana rubutawa da idona. Da aka ce mini kai ne ke riƙe da takardun, wallahi ranar na yi barci."

Maiwada ya dubi kantocinsa, fayil-fayil a jere gwanin sha'awa, ya ji wani alfahari ya taso masa. Ya dafa ƙirji.

"Inno, ki koma gida ki kwantar da hankalinki. In dai an rubuta, tana ɗakin nan. Ni zan kai ta gaban alƙali da hannuna."

Ta sa masa albarka har sai da Mannir ya ce rana na yi.

Maiwada ya fara nema da karsashi. Sai a lokacin ya lura da wani abu da bai taɓa damunsa ba: duk fallen da ya ɗauko, babu sunan kowa. "Mai ƙara ya ce", "wanda ake ƙara ya ce", "shaida na farko ya ce". Magatakardan wancan zamani ba sa maimaita suna, a fallen farko suke rubuta wane ɗan wane ya yi ƙarar wane, da gari, da kwanan wata, daga nan sai su ci gaba da mai ƙara da wanda ake ƙara. Ya ce ba komai, zai gane ta da iyakoki, ai a gonar ya yi rarrafe. Ya riƙa bi falle-falle, rigimar gado, rigimar saki, rigimar ɓarnar shanu, duk sun cakuɗe tunda girman takarda ya bi wajen jerawa. Ya daina zuwa hira, ya daina cin abincin kirki. Matarsa ta ce ko aljanun ɗakin ne suka kama shi.

Ya kuwa same ta. Falle uku, rubutun boko mai kyau da shuɗiyar tawada. Gabas burtali, yamma rafi, kudu tagwayen kukoki, arewa gonar mai ƙara. Tagwayen kukokin nan shi da Mannir sun sha hawansu. Ga maganar wanda ake ƙara, yana cewa daji ya tarar, da izinin dagaci ya sare, kuma bai taɓa aron ko taki ɗaya a hannun kowa ba. Maiwada ya ji kamar muryar Baffa Jibo ce a kunnensa. Ya yi hamdala da ƙarfi, ya juya falle na uku yana neman hukunci. Layin ƙarshe ya ce, "Bayan an saurari shaidun ɓangare biyu, sai alƙali ya ce". Nan takardar ta ƙare.

Yana tsaye da ita a hannu 'yarsa Raudatu ta yi sallama. Tana ajin ƙarshe a jami'a a Zariya, tana karatun aikin laburare, ta zo hutu uwarta ta aiko ta da kwanon abinci. Ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Ta ajiye kwano tana yaba tsaftar wurin, ta jawo fayil ɗaya ta buɗe, ta jawo wani. Fara'arta ta fara raguwa.

"Baba, ina farkonsu? Waɗannan duk tsakiya ne."

"Shi nake nema. Na gonar Inno ne ya ɓace mini."

"Ba na Inno kaɗai ba, Baba. Duka. Yaya ka tarar da su?"

Ya gaya mata, da ƙunshin, da zaren, da lambobin, har da ramin bayan gini. Yana ba da labarin yana jiran ta ce sannu da aiki. Raudatu ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe baki da mayafi.

"Innalillahi. Baba, fallen sama shi ke da sunaye. Na ƙasa shi ke da hukunci da hatimin alƙali da sa hannu. Su ne a waje, dole su su fara lalacewa. Ai su ne shari'ar."

"Sun ruɓe fa! Ba ki gansu ba. Wasu da ƙyar ake karanta su."

"Ko rabin falle ne ana ajiye shi, akwai yadda ake gyara shi. Kuma ba a kwance ƙunshi a raba. Abin da aka fara koya mana ke nan, yadda ka tarar da takardu a haɗe haka za ka bar su, don haɗin nan shi ke nuna wacce ta wacce ce."

"Aka koya muku? Dama ana koyar da abin nan?"

"Zango ɗaya tak aka yi mana, a cikin karatun laburare, ɗanɗano kawai. Malamin da ya koya mana kullum kukansa ke nan. Ya ce aiki ne da ya kamata yaro ya shiga jami'a saboda shi kaɗai, ya yi shekarunsa huɗu ya fito da digiri, kamar malamin gona ko likitan dabbobi, a riƙa tura su kotuna da asibitoci da ma'aikatu. Ni kaina shi na so, da ina neman gurbi na duba ban ga inda zan same shi ba."

"Shekara huɗu!" Maiwada ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba. "Don ajiye takarda? Ke dai ku 'yan boko ba ku rasa abin faɗi!"

Kuka ta kama yi a hankali. Shi ma tsawar ba ta kai ko'ina ba. Ya tuna kafin a bar shi ya taɓa buhun audugar kowa sai da aka tura shi kwas na watanni, aka gwada idonsa, aka gwada hannunsa, aka ba shi shaida. Auduga ke nan, wadda in ka yi kuskure bana baɗi wata za ta tsiro. Nan kuwa gonakin mutane ne, da gadonsu, da aurensu, aka miƙo masa makulli kamar za shi buɗe bayan gida. Ya dubi kantocin da ake kawo baƙi su gani. Gona nawa ce a nan? Marayu nawa? Ya zauna a ƙasa kusa da 'yarsa. Abincin nan haka aka mayar da shi gida ba a buɗe ba.

Washegari suka zazzage kwalayen lamba biyu shi da ita, ko Allah zai sa fallen ya tsira. Babu. Ya ɗauki fartanya ya je bayan gini ya tone ramin, Raudatu na roƙonsa ya bari. Ya tarar da baƙar ƙasa da saiwar ciyawa.

Sau biyu yana hawa mota zuwa Dayi don ya gaya wa Inno, sau biyu yana sauka a bakin titi, ya tsaya wajen masu rake, ya tsallaka ya hau ta komawa. Da Mannir ya kira shi a waya sai Maiwada ya ce masa an samu, don ai an samu ɗin. Ya riƙa lallashin kansa cewa alƙali mutum ne, zai ga iyakoki, zai ji maganar Jibo, zai gane. Tsoro ne kawai, kuma shi ma ya san tsoro ne.

Ranar zaman kotu Inno ta sa zanenta na Salla. Ta hango Maiwada ya shigo da fayil a hammata, ta taɓa matar da ke kusa da ita tana nuna shi. Aka kira shi, ya miƙa fallayen uku, magatakarda ya karanta da ƙarfi. Da aka zo kan maganar Jibo sai Inno ta ɗaga murya daga inda take.

"Shi ne! Wallahi haka yake magana!"

Aka ce ta yi shiru. Lauyan Alhaji Abdussamad ya miƙe. Yaro ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi rashin kunya da abin ya fi sauƙi.

"Malam, a ina takardar nan ta ambaci Jibo?"

"Ba ta ambata ba. Sunan yana fallen farko."

"A ina ta ambaci Rabe, ko Dayi, ko shekarar da aka yi shari'ar?"

"Duk suna fallen farko."

"Tagwayen kukokin suna nan?"

"An sare su da daɗewa."

"To mu ɗauka ma gonar ce. Wa alƙalin ya ba gaskiya? Ina ce zai yiwu mai ƙara ya ba, shi ya sa aka koma biyan dami?"

"Hukuncin yana fallen ƙarshe."

Alƙali ya ajiye alƙalami ya dube shi ta saman tabarau.

"Malam Maiwada, kai ne mai ajiyar takardun nan. Ina fallen farko da na ƙarshe?"

Duk ido ya koma kan Maiwada. Zai iya cewa gara ce ta cinye su, kowa zai yarda, gara ta ci abin da ya fi wannan a ƙasar nan. Amma mutumin da bai taɓa kiran lamba uku lamba ɗaya ba, bakinsa bai iya ba.

"Allah ya gafarta malam, na ƙona su."

Ya yi bayani, kansa a ƙasa. Wani a baya ya yi dariya, wani ya yi salati. Alƙali ya daɗe yana girgiza kai, ya ce shi ba zai iya gina hukunci a kan takardar da ba ta da kai ba ta da ƙafa ba. Masu ƙara sun kawo shaidu biyu a kan dami, waɗanda ake ƙara ba su kawo abin da zai ture su ba. A zama na gaba ya yanke cewa gonar aro ce. Ya ba su Inno lokaci su tashi kafin shuka, ya roƙi Alhaji ya bar kabarin kada garma ta bi ta kai, Alhaji ya ce ya ɗauki alkawari.

A farfajiyar kotu Mannir ya wuce Maiwada kamar bai taɓa ganinsa ba. Inno ce ta tsaya. Ya zube gabanta a cikin mutane, ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa.

"Tashi, Maiwada, ana kallonka," ta ce. "Don kada a taka sunan Allah ka ƙona?"

Ya gyaɗa kai.

"To Allah ya ba ka ladan niyyarka. Ni na yafe. Abin da ya rubuta ne ya same mu. Tashi mana."

Da ta zage shi da ya samu abin riƙewa. Ya koma ɗakinsa na takardu ya rubuta wa shugabanninsa doguwar wasiƙa, ya ce kada a ƙara ba wanda bai karanci aikin ba makullin irin wannan ɗaki, a nemi yara a koya musu tun daga tushe. Aka karɓa aka buga mata hatimi, aka ce za a duba. Raudatu ta ƙarasa hutunta tana ƙoƙarin haɗa tsakiyar shari'u da juna ta bin hannun magatakarda da launin tawada, ta haɗa abin da ta iya, ta koma makaranta. Mutane kuwa ba su daina zuwa ba. Wani ya zo daga Maska neman rabon gadon kakansa, wata ta zo neman shaidar sakin uwarta. Kowanne Maiwada sai ya ba shi kujera, ya gaya masa gaskiya, ya raka shi ƙofa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da su Inno suka tashi. Wani ƙanenta a Mahuta ya ce su zo, zai ba Mannir gefen gonarsa ya laluba. Maiwada ya je tun da safe ba tare da an kira shi ba. Ya tarar an kwance rumbu, an cire ƙyauren ɗaki, akori-kura na tsaye a bakin burtali. Matan Mannir na fitar da kaya, yara na koran kaji. Can gefen gona ya hango Inno tsaye wajen kabarin mijinta, ta kewaye shi da duwatsu da ƙaya. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe dai, har direba ya fara danna ham.

Maiwada ya tuɓe babbar riga ya shiga ɗaukar kaya. Ya ɗauki buhun dawa, ya ɗauki gadon ƙarfe shi da Mannir, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Inno ta dawo ta zauna a kan kujerar tsugunne a inda ɗakinta yake, ta ce a kawo masa fura, ta tambaye shi jikin matarsa da karatun Raudatu, kamar dai ziyara ya zo. Har ya fara jin numfashinsa na sauka daidai.

Kaya suka ƙare, saura tarkace. Kusa da ƙafarta akwai wata 'yar akwatin ƙarfe mai tsatsa, an ɗaure ta da tsumma. Ya sunkuya zai ɗauka ya kai mota. Sai ya ji hannunta a kan nasa, a hankali, ba faɗa ba fushi. Ta jawo akwatin ta ɗora a cinya ta rufe da gefen mayafi.

"Bar wannan, ɗana, takardun haihuwar yara ne a ciki," ta ce. "Ɗauki turmin can."